Ɗaliba daga Japan za ta zauna a gidanmu wata goma: ina neman shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure, na zo da wani al'amari da ya hana ni barci kwana biyu. Muna zaune a Columbus ta jihar Ohio, ni da maigida da tagwayenmu mata masu shekara 15 da ƙanensu mai shekara 8. Wata ƙungiyar musayar ɗalibai ta aiko da sanarwa ta hannun makarantar tagwayen cewa tana neman gidajen da za su sauki ɗalibai daga ƙasashen waje, yaran suka dame mu da roƙo har muka cike takarda, ga shi yanzu an turo mana bayanan wata yarinya mai shekara 16 daga lardin Ibaraki na ƙasar Japan. Idan mun amince za ta iso a watan Agusta, ta yi shekarar karatu ɗaya tare da yaranmu, ta koma a watan Yuni. Maigida ya ce shawara tana hannuna, tunda ni ce zan fi ɗaukar nauyin. Abin da nake tsoro shi ne abinci da addini da bambancin tarbiyya, da kuma kada in karɓi 'yar mutane in kasa riƙe ta yadda ya kamata. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan, ko ya san mutanen Japan, ya taimaka mini.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai ki faɗa mana, biyan ku za a yi ko kuwa kyauta ne? Na tambaya ne saboda amsar za ta canja shawarar da zan ba ki, don ciyar da baliga wata goma a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Biyu:
Hajiya, ba a biyan ko kwabo. Dokar wannan nau'in biza ta J-1 ta ɗaliban sakandare ta ce gidan da ya sauki ɗalibi na sa kai ne, abin da kawai aka yarda da shi shi ne a cire dala 50 a kowane wata daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. Namu shi ne abinci sau uku a rana, da gado nata na kanta wanda ba na hurawa ko na naɗewa ba, da wurin karatu, da kai ta inda ya kamata. Iyayenta ne ke biyan kuɗin jirgi da inshorar lafiya da kuɗin kashewarta. An riga an zo an duba gidan an ɗauki hotunan ɗakuna, an kuma yi mana binciken tarihin laifi ni da maigida, domin ana yi wa duk wanda ya kai shekara 18 a gidan.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa 'yar'uwa da alheri da ta nemi shawara kafin ta yanke hukunci. Ni ban goyi baya ba, kuma zan faɗi dalilina a fili. Wannan yarinya baliga ce, ba muharramar maigidanki ba ce, za ta kwana ta tashi a gida ɗaya da shi kusan shekara guda, kuma ta taso ne a inda gajeren wando da gajeren siket ba abin magana ba ne. Sannan 'ya'yanki suna daidai shekarun da ƙawa ta fi uwa tasiri. Muna fama da abin da suke kwasowa daga makaranta, ta yaya za mu ƙara da wanda zai kwana da su a ɗaki? Karrama baƙo wajibi ne, amma hadisi ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, sadaka kuwa mutum yana duba halinsa kafin ya yi ta.

Tsohuwar Ɗalibar YES:
Malam, ina girmama maganarka, amma ka ba ni dama in yi magana a matsayin wadda ta taɓa zama wannan yarinyar. Ina da shekara 16 aka ɗauke ni daga Arewa a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, aka kai ni wani ƙaramin gari a jihar Iowa, gidan Kiristoci manoman masara waɗanda ba su taɓa zama da Musulmi ba. Idan da sun yi irin lissafin da ka yi, da ba su karɓe ni ba, domin su ma maƙwabtansu sun tsoratar da su. Matar gidan ta cire naman alade daga girkinta saboda ni, ta share mini kusurwa a ɗaki ta ce nan ne wurin sallata, kuma da azumi ya zo tana tashi da asuba ta soya mini ƙwai alhali ita ba ta azumi. Ba ta taɓa matsa mini in bi su coci ba, na je sau ɗaya don ganin ido na dawo da hijabina. Yau shekaru da yawa ke nan, har yanzu Mama nake ce mata. Mu an yi mana, kuma bai kamata a ce kullum mu ne masu karɓa ba.

Malamin Islamiyya:
Ƙanwata, labarinki ya taɓa ni, kuma ban ce a ƙi alheri ba. Sai dai ke kin je da iyakokinki a hannu, kin san abin da ya halatta da abin da ya haramta, ita kuwa wannan ba ta san namu ba. Idan har za a yi, to a rubuta mata dokokin gida tun kafin ta taso, a faɗa mata irin suturar da ake sawa a falo, maigida kuma ya kiyaye keɓewa da ita a gida ko a mota.

Ɗan Katsina a Osaka:
Shekarata takwas a Japan, na yi karatu a nan, yanzu ina aiki. Malam, a kan batun rubuta dokoki na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma ina tabbatar maka yarinyar za ta fi kowa jin daɗin hakan. Yaran nan sun taso cikin ƙa'ida: makarantunsu da yawa suna da dokar tsawon siket da launin gashi, su ke share ajinsu da barandar makaranta da hannunsu bayan darasi, kuma ba a shiga gida da takalmi, ana cire shi a wani ɗan wuri da ke bakin ƙofa da suke kira genkan. Abin da yake wahalar da su shi ne dokar da ba a faɗa ba, wadda sai an karya ta a ga fuskar mai gida ta canja.

Amma Maman Biyu, abin da nake so ki fi mayar da hankali a kai ba sutura ba ne, shirunta ne. Suna da wata ɗabi'a da suke kira enryo, wato mutum ya danne buƙatarsa don kada ya ɗora wa wani nauyi. Ita ce kusan abin da muke kira kara ko alkunya, sai dai tasu ta fi tamu zurfi a wajen baƙo. Za ki tambaye ta ko ta ƙoshi ta ce daijobu, wato ba komai. Za ki tambaye ta ko ɗakin da sanyi ta ce daijobu. Tana iya kwana uku da ciwon ciki tana yi miki murmushi. Haka kuma kalmar hai da za ki ji tana yawan faɗa, sau da yawa ma'anarta "ina jin ki" ce, ba "na gane" ko "na yarda" ba. Turancin da suke koya a makaranta ya fi ƙarfi a karatu da rubutu, saboda haka a makonnin farko za ta fahimci ƙasa da rabin abin da ake faɗa, kuma ba za ta ce a maimaita ba. Dabarar ita ce kada ki yi mata tambayar da amsarta i ko a'a ce. Maimakon "kina son shinkafa?", ki ce "shinkafa ko taliya, wanne?" Abu mai muhimmanci kuma, kamar lokacin dawowa gida, ki rubuta mata a takarda.

Maman Biyu:
Ɗan'uwa, wannan bayani ya buɗe mini ido. Ashe irin halin amaryar ƙauye ne, wadda za ta kwana da yunwa a gidan miji don kada a ce ta cika ci. To abinci fa? Mu tuwo muke ci kusan kullum da daddare, kuma hannuna yana da nauyi a barkono.

Ɗan Katsina a Osaka:
A nan ne za ki yi mamaki. Ibaraki da kika ambata, babban birninsa Mito, ya yi suna a duk Japan da wani abinci da ake kira natto, wanda waken suya ne da aka bari ya ruɓa da gangan har ya yi yauƙi da wari. Ranar da na fara buɗe shi na ji kamar an buɗe kwanon daddawa a ɗakin girkin kakata, kuma ba banza ba, domin dangin ƙwayar halitta ɗaya ce take ruɓar da su biyun. Suna cin kuɓewa, sunanta ma okura a bakinsu, kuma suna son abinci mai yauƙi har suna da kalma ta musamman dominsa. Shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, suna kuma kirɓa wani nau'inta a turmi ta zama curi mai laushi da ake kira mochi. Saboda haka tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ba za su zama baƙi a harshenta ba. Abin da zai ba ta wahala shi ne attaruhu da yawan mai. Ki rage barkono a tukunya, ki ajiye yaji a gefe kowa ya zuba daidai bakinsa. Ki kuma ba ta cokali da farko, domin cin tuwo da hannu sai ta ga ana yi ta koya da kanta.

Akwai wani gefen da ya shafe ku a matsayinku na Musulmi. Kusan tabbas wata rana za ta so ta yi muku girkin ƙasarsu don nuna godiya, ko iyayenta su aiko mata da kwali. Girkinsu na yau da kullum ana sa masa mirin da sake, waɗanda dukansu giyar shinkafa ce, sannan romon taliyar ramen da dunƙulen kori na kwali sau da yawa akwai kitse ko romon alade a ciki. Ita ba za ta ɗauke su a matsayin giya ko alade ba, kayan miya ne kawai a wurinta. Ki yi mata bayani tun da wuri cikin taushi, ku je kasuwa tare ta karanta miki abin da ke jikin kwalin. Kun yi sa'a ma, tun da kamfanin Honda ya fara ƙera motoci a garin Marysville na jihar Ohio a 1982 Japanawa suka yawaita a kewayen Columbus, don haka akwai kantunansu a kusa da ku.

Inna ta Bronx:
Ni dai ina da tambaya ɗaya. Idan ta ga kuna sallah tana son ta koya, ko kuma ku kuka ga dama ce ta kiran ta zuwa Musulunci, me ya hana? Ai wannan babbar garaɓasa ce Allah ya kawo har gida.

Tsohuwar Ɗalibar YES:
Inna, don Allah a nan a yi hattara. Yarinya ce ƙarama wadda iyayenta suka ba da ita amana, tana nesa da kowa nata, tana cin abincin gidan, kuma kun ji an ce ba ta iya cewa a'a ba. Idan aka ce mata ta zo masallaci za ta bi, idan aka ɗaura mata ɗankwali za ta yi murmushi, ba don zuciyarta ta karɓa ba sai don kada ta ɓata wa masu gida. Ƙungiyoyin musayar ma suna gargaɗin masu masauki a kan matsa wa ɗalibi a harkar addini. Ku tuna yadda za mu ji idan 'yarmu ce a gidan wasu ake yi mata haka. Idan ta yi tambaya a amsa mata da gaskiya, idan ta nemi ta je idi a tafi da ita, amma kada a mayar da teburin cin abinci wurin wa'azi.

Malamin Islamiyya:
A wannan gaɓar ina tare da ƙanwata. Babu tilastawa a addini, ayar tana cikin Suratul Baƙara, kuma cin amanar iyayen da suka yarda da kai ba hanyar da'awa ba ce. Halin da za ta gani a gidan ya isa.

Ɗan Katsina a Osaka:
Ƙarin bayani kaɗan a kan wannan. Yawancin Japanawa idan ka tambaye su za su ce ba su da addini, amma za ka gan su a wurin bautar Shinto, addinin gargajiyarsu, a farkon sabuwar shekara, jana'izarsu kuma galibi ta addinin Buddha ce. Musulunci kuwa ƙalilan ne suka san shi da kyau, duk da cewa masallacin Kobe yana tsaye tun 1935. Don haka kada ki yi mamaki idan ba ta san dalilin da ya sa kuke tashi da asuba ba. Ki gaya mata tun daren farko cewa za ta ji motsi da ƙarar ruwa kafin gari ya waye, kada ta tsorata. Ki kuma nuna mata amfanin butar da ke banɗaki. Wannan ba zai zame mata abin mamaki ba, domin yawancin gidajensu masai ɗinsu yana da na'urar fesa ruwa. Wanka kuma da daddare suke yi, su wanke jiki tukuna sannan su jiƙa a baho mai ruwan zafi, saboda haka idan kuɗin ruwa yana damun ku a faɗa mata sau nawa za ta iya cika bahon a mako.

Hajiya Babba:
Na karanta duk abin da aka rubuta, yanzu zan faɗi nawa. 'Yata, kowa yana ta kiran yarinyar nan baƙuwa, ni kuwa ina ganin kuskuren yana nan. Baƙo kwana uku ne kamar yadda Malam ya kawo. Wanda zai yi wata goma ba baƙo ba ne, ɗan riƙo ne, mu kuwa ba yau muka fara riƙon 'ya'yan wasu ba. Ni a hannun gwaggona na tashi a Zariya tun ina shekara 7, kuma na riƙe 'ya'yan mutane huɗu a ɗakina. Abin da na sani shi ne ɗan riƙo yana lalacewa ta hanya biyu: ko a mayar da shi bawa, ko a mayar da shi sarki. Ku na san ba za ku bautar da ita ba. Tsorona shi ne na biyun, a riƙa zuba mata abinci a faranti na musamman, a hana ta taɓa tsintsiya, a yi shiru idan ta yi laifi, tagwaye suna wanke-wanke ita tana zaune a falo. Wata biyu ba za a yi ba 'ya'yanki za su fara jin haushinta, ita kuma za ta gane cewa har yanzu a bakin ƙofa take. Ki sa sunanta a jerin masu wanke kwanuka tun makon farko. Idan ta yi dare a waje ki yi mata faɗa daidai yadda za ki yi wa Hassana da Usaina, sai dai ki sassauta murya tunda an ce ba su saba da hayaniyarmu ba. Idan za ki ɗinka wa yara kayan sallah ki ɗinka uku. Idan ba za ki iya wannan ba, gara ki ba su haƙuri tun yanzu su nema mata wani gida.

Baban Yara:
Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara a matsayina na wanda ya sauki ɗalibi namiji daga Japan shekaru kaɗan da suka wuce a Maryland, kuma zamanmu bai yi daɗi ba a farko. Yaron yana dawowa daga makaranta zai shige ɗaki ya rufe ƙofa, mu muka ɗauka girman kai ne, ashe gajiya ce ta wanda ya wuni yana kokawa da harshen da ba nasa ba. Sannan da daddare yana kan waya da abokansa na gida, domin tsakanin gabashin Amurka da Japan awa 13 ne a lokacin zafi, 14 a lokacin sanyi, daren nan safiyar can ce. Sai ya zama jikinsa yana gidanmu, hankalinsa yana can. Mun yi wata uku a haka muna ta zargin juna a zuci, har jami'ar ƙungiyar da ke tuntuɓar mu kowane wata ta zaunar da mu gaba ɗaya. A ranar ne muka ji cewa shi ma yana ganin ba ma son sa, saboda muna juya harshe zuwa Hausa a gabansa muna dariya. Daga nan muka sa dokar ajiye waya a falo da ƙarfe goma ga kowa har da ni, muka kuma daina Hausa a kan tebur sai an fassara masa. Ya shiga ƙungiyar ƙwallon makaranta, abubuwa suka daidaita. Kada ki ɗauki kiran jami'ar a matsayin kai ƙara, aikinta ke nan, kuma da mun kira ta da wuri da ba mu yi asarar wata uku ba.

Inna ta Bronx:
Na karɓi gyaran da aka yi mini. Amma batun daina Hausa a gida ban yarda da shi ba, da ƙyar muke samun yaranmu su riƙe harshen.

Baban Yara:
Inna, ba cewa na yi a daina ba, a shigar da ita ciki nake nufi. Yaron namu kafin ya tafi yana gaida dattawa da "ina kwana" a durƙushe, kuma lafazinsa ya fi na wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan, domin harshensu ma wasula biyar gare shi, yana kuma bambanta dogon wasali da gajere kamar namu.

Maman Biyu:
Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da maigida da yara mun karanta saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, mun yi istihara, mun amince. Na rubuta wa iyayenta wasiƙa na bayyana musu cewa mu Musulmi ne, ba a shigo da giya ko alade gidanmu, na faɗi suturar falo da lokacin dawowa, na kuma gaya musu azumi zai faɗo cikin zamanta amma ba wanda zai hana ta cin abincinta. Mahaifiyarta ta amsa da cewa ta gode da muka faɗi komai a fili.

Maman Biyu:
Na dawo da labari, yau sati bakwai da isowarta. Ta zo mana da tsaraba kowa da tasa, an naɗe kowace a takarda mai kyau har ƙaramin ya ƙi yaga tasa. Sati biyun farko sun yi tsauri. Wata rana na tarar da ita tana barci da rigar sanyi biyu saboda na'urar sanyaya ɗaki ta yi mata yawa, alhali kullum ina tambaya tana cewa ba komai, sai na tuna maganar ɗan'uwanmu na Osaka na ajiye mata bargo ba tare da na sake tambaya ba. Malam, maigida yana kiyaye abin da ka faɗa, ni ko tagwaye muke kai ta duk inda za ta. Hajiya, ranar Talata da Juma'a ne wanke-wankenta, kuma na yi mata faɗa sau ɗaya da ta wuce lokaci ba ta kira ba. Ta yi kuka, ni ma hankalina ya tashi, amma washegari ita ta fara zuwa ɗakin girki ta tsaya kusa da ni tana yanka kuɓewa. Har yanzu ba ta iya cin miyar da na sa wa attaruhu ba, kuma Usaina ba ta gama sakin jiki da ita ba, ina lura da wannan. Ta koya mana cewa a gidansu duk wanda ya dawo yana cewa tadaima, na cikin gida su amsa da okaeri. Jiya da yamma ta turo ƙofa ta cire takalmi ta ce "Mama, na dawo", ƙaramin ya amsa mata daga falo da okaeri.

Hajiya Babba:
Madalla. Batun Usaina kada ki bar shi ya kwana da yawa. Ki fita da ita ita kaɗai ranar Asabar, ko kasuwa ce ku je ku biyu, ki ji abin da ke ranta.